Motar da Orval Ya Horar

Orval Pruitt yana da abin alfahari guda biyu a duniya: jar motarsa ƙirar 1969, mai ƙaton inji da ƙugi, da kuma kunnensa. A zamaninsa, in mota ta wuto ta gaban gidansa, daga kan kujera zai gaya maka abin da ke damunta. Duk ƙauyen nan nasu na jihar Kentucky ta Amurka an san haka, wanda bai sani ba kuwa Orval ya gaya masa.

Irin waɗannan tsofaffin motoci zaɓen mai gare su. A gidan mai fetur iri uku ne, kowanne da lambar ingancinsa, 87 da 89 da 93, su kuwa sai 93. Ka ba su na ƙasa, man ya kama wuta kafin lokacinsa, injin ya shiga ƙwanƙwasa, a kwana a tashi fistan ya huje.

To, wata rana 93 ya ƙare a gidan man Delbert, abokinsa tun ƙuruciya, dole Orval ya sha 87. Ya hau hanya yana kasa kunne, bai ji komai ba. Ya sake sha a mako na gaba, shiru. Shi ke nan fa, bakin mutumin ya buɗe.

"Na horar da ita," in ji shi ga duk wanda ya tsaya. "Mota kamar kare take, abin da ka saba mata da shi za ta ci."

Delbert ya ce, "Orval, motar nan ƙwanƙwasa take."

"Na gode," in ji Orval. "Ni na yi mata fentin da kaina."

Gaskiyar magana, kunnen ne ya tafi, mai shi kuma bai samu labari ba. In ya taka totur zai hau tudun coci, sai ka ji kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Karnuka su bi shi da haushi, mutane su fito bakin ƙofa suna dafe kai, shi kuma yana ɗaga musu hannu da fara'a, a zatonsa yabo ne. Wallahi abin haushi, mutum da wayonsa.

Matarsa Wanda ta faɗa har muryarta ta dushe. 'Yarsu ta saya masa na'urar ji tun Kirsimeti, ya jefa a durowar safa, wai shi ba kurma ba ne, mutanen yanzu ne ke magana ciki-ciki.

Sai ga bikin jikarsu ya zo. Orval ya yi alkawarin shi zai kai amarya coci ranar Asabar a jar motar, wadda a cikinta ya ɗauko Wanda ranar nasu auren. Cocin kuwa yana can ƙolin tudu. Delbert ya ja Wanda gefe ya ce injin saura ƙiris, in aka sake cika shi da 87, amarya da ƙafa za ta ƙarasa.

Ran Juma'a da safe tanki ya kusa ƙarewa, Orval ya nemi makulli ya rasa. Ya tarar da Wanda zaune a gaban mota, makulli a hannun dama, na'urar a hagu.

"Ba ni makullina, tsohuwa."

Ta miƙa masa hannun hagu.

"Ba wannan ba."

Ta jefa makullin cikin jakarta, ta ɗora jakar a cinya, ta kalli gabanta. Ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya ambaci sunan mahaifinta. A ƙarshe ya cusa abin a kunne yana gunaguni, sai ya zabura, don bai san gunaguninsa yana da ƙarfi haka ba.

Sai a lokacin ta ba shi makulli. Hanyar gidan mai ta tudun take bi. Yana taka totur sai ga tsakuwa a gwangwani, ƙwas-ƙwas-ƙwas.

"Wace matacciyar mota ce ke bin mu a baya?" in ji shi. "A kama mai ita a ɗaure."

Ya duba madubi, ba kowa sai kare ɗaya. Ya ɗaga ƙafa, ƙarar ta tsaya. Ya taka, ta dawo. Kunya ta rufe shi, tausayin motar ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya shafa sitiyari ya ce, "Yi haƙuri, 'yar nan."

Da ƙyar suka lallaɓa zuwa gidan mai. Delbert ya fito yana goge hannu, ya hango abin a kunnen abokinsa, ya danne dariya.

"Na horarru za a zuba, ranka ya daɗe?"

"Casa'in da uku," in ji Orval a hankali.

"Me ka ce? Kunnena ba shi da kyau."

"Zuba, ɗan banza."

A hanyar komawa suka sake bin tudun. Ƙwanƙwasar ta ragu, ta ragu, ta ɓace, ƙugin motar ya fito sumul yadda ya san shi da. Sai ya ji wani sauti a ƙarƙashin ƙugin, siriri, yana hawa yana sauka. Ya rage gudu, yana neman ta inda sabuwar matsalar take fitowa.

Daga kujerar gefensa take fitowa. Wanda ce, gwiwar hannunta a kan taga, tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, wadda take yi masa a motar nan tun suna saurayi da budurwa.

"Yaushe kika koma waƙa a mota?" ya tambaye ta.

Ta juyo ta dube shi.

"Ni ban taɓa dainawa ba, Orval."