Takalman da Anti Galiema Ba Ta Taɓa Saya Ba

Saura ƙiris ban rubuta wannan ba. A aji huɗu na tsaya da makaranta, kuma ni ko a gidan biki ba a jin muryata. Amma Kawu Salie yana ta ba da labarin a shagon aski yadda ya ga dama, har da cewa wai shi ya kori Baturiyar da tsintsiya. Ƙarya yake yi, ina wurin. Haushin wannan ne ya zaunar da ni.

"Washiela, riƙe ni ta nan gefen. Kina ja na sai ka ce akuyar layya."

Asabar ce, ni da Anti Galiema muna haurawa daga unguwarmu ta Salt River zuwa Babban Titi. Anti Galiema maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga sosai, in ta yi taku kaɗan sai ta tsaya tana haki.

"Anti, takalman nan fa su ne na makon jiya. Mu koma gida."

"Wa ya tambaye ki?"

Ba wanda ya tambaye ni. Tun ina 'yar ƙarama Mama ta ɗora mini wannan rakiyar, don ni ce marar surutu a gidanmu.

Anti Galiema 'ya ɗaya ta haifa, Gadija, kuma ta fito fara sol, ga gashi mai santsi. Da gwamnati ta raba mutane gida-gida, Turawa daban, mu ruwa-biyu daban, baƙaƙe daban, sai Gadija ta tsallaka. Ta zama Gerda, ta auri wani Bature ma'aikacin jirgin ƙasa, suka zauna a unguwar Turawa ta Observatory, inda da ƙafa ma ana zuwa daga gidanmu. Ba a kanta aka fara ba. Kusan kowane layi akwai gidan da nasu ya tsallaka, kuma kowa ya san ƙa'ida: in ka hango naka tafe a titi, sai ka juya ka kalli gilashin kanti har ya wuce. Ba gaisuwa, ba murmushi. In asiri ya tonu, aure ya mutu a idon hukuma, a tashe su daga gida, a cire yaro daga makaranta.

Sauran mutane sai tsautsayi ya haɗa su da nasu suke kallon gilashi. Anti Galiema ita sana'a ta mai da shi. Ta san kowace Asabar da hantsi Gadija tana bi ta gaban kantin takalma za ta cefane, ita da 'yarta Elsabe. Sai mu je mu tsaya, mu ba titi baya, mu zuba wa takalma ido.

"Ga su nan," in ji ta, ba ta ko motsa wuya ba. "Kada ki juya."

"Yaushe na taɓa juyawa?"

Suka gifta a cikin gilashin, uwa da safar hannu fara, 'ya da rigar makaranta ko da yake ba ranar karatu ba ce. Kamar ƙiftawar ido, sun wuce.

"Yarinyar ta ƙara tsawo. Kin ga an sake goge mata gashi da dutsen guga? Wata rana sai sun ƙona mata kunne."

"Anti, ki juya sau ɗaya ki ce Gadija. Sau ɗaya tak."

"Rufe mini baki. Ke me kika sani? Ko saurayi ba ki iya kallo ba."

Wannan ce Asabar ɗinta ta ƙarshe a Babban Titi. Da Talata ta zo ko banɗaki sai an kai ta. Likita ya ce zuciya ce, kuma da wuya ta ga azumi.

Kawu Salie ƙaninta ne, tela, baki gare shi kamar rediyo. Ya tsaya a ƙofar ɗakin, jar hularsa a karkace.

"Yaya, bari in je in ƙwanƙwasa ƙofar Gadija. In mijin ya fito in ce, sannu suruki, ga kawun matarka, dube ni da kyau."

"In ka je, Salie, ban yafe ba."

"To ki mutu ba ki ga 'yarki ba?"

"Na gan ta Asabar. Ta yi ƙiba."

Ya buga ƙofa ya fita yana cewa duk gidan mahaukata ne. Ranar kam na yarda da shi.

Da wata Asabar ta kewayo sai ta kira ni ta katanga da ƙwanƙwasa cokali. Na same ta a jingine da matashi uku.

"Je ki kalli takalma ki zo ki ba ni labari."

"Ni kaɗai? Anti, me zan tsaya yi a can?"

"Abin da kika saba yi. Tsayuwa kamar turmi."

Na tafi ina ƙunƙuni. Na tsaya a inda muka saba, kunya kamar ta kashe ni, don mai kantin ya daɗe da sanin ba ma sayen komai. Suka taho a cikin gilashin. Ina jira su gifta, sai na ga uwar ta rage tafiya. Ta ba yarinyar jaka ta ce ta shiga kantin gaba ta jira ta. Sannan ta zo ta tsaya can ƙarshen gilashin, tana duban wani takalmi ja.

"Ina wadda kike rakowa?"

Da takalmin take magana. Ni ma na amsa wa wani baƙin takalmi mai igiya.

"Tana kwance. Likita ya ce zuciya."

Ta ci gaba da duban jan takalmin. Ashe duk shekarun nan ita ma kallon take yi. Mutum biyu suna leƙen juna ta gilashi, ni kuma a tsakiya ƙafata na ciwo. Na ji kamar in cire takalmina in jefi gilashin.

"Lahadi da rana," in ji ta, ta wuce.

Na ɗauka Anti za ta yi kukan murna. Zagina ta yi. Da ta gama zagin sai ta ce a wanke labule, a sa mata koren ɗankwalinta, a gaya wa duk layin cewa Madam ɗin da ta taɓa yi wa reno za ta zo dubiya. Kowa ya haddace.

Suka zo bayan azahar da kwandon lemo. Elsabe ta biyo uwarta, wai ta nace sai ta ga matar da ta goyi mamanta. Ba ta wuce shekara sha shida ba. Matan layinmu da suka yi wasan 'yar tsana da Gadija suka tsaya a ƙofofinsu suna cewa, "Barka da rana, Madam." Mama ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai da salla, ta cika faranti da kusista, soyayyar fulawarmu mai zaƙi da kwakwa, ta ɗora mini tire. Kawu Salie ya cire hula ya rusuna har ƙasa.

"Madam ta gane hanya kuwa? Lungunanmu akwai rikitarwa ga baƙo."

"Salie," in ji Anti daga kan gado. "Fita."

Bai fita ba, ya dai koma bakin ƙofa.

"Madam ta wahalar da kanta," in ji Anti Galiema.

"Ba komai, Galiema. Yaya jikin?"

Galiema! Na miƙa mata shayi. Matar ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya, ba ta ko cire safar hannu ba. Suka yi maganar iska, wai bana ta yi yawa. Suka yi maganar tsadar kifi. Tsohuwa tana jan numfashi da ƙyar, 'yar da ta haifa tana gabanta, maganar kifi suke yi.

Na ga ba zan iya ba. Ni da ba na magana sai na ji bakina ya buɗe.

"Ko ƙaramar Madam za ta zo ta ga kyanwarmu? Ta haihu."

Nufina in janye ta su samu su gaisa kamar mutane. Anti ta watso mini harara.

"Wa ya ce miki ta zo kallon kyanwa? Bar mini yarinya a nan. Matso, 'yar nan, idona ba ya gani daga nesa."

Elsabe ta matso ta zauna a gefen gadon. Ta ƙura wa tsohuwar ido, sai ta yi dariya.

"Ai na san ki! Ke ce mai kallon takalma. Mama, ita ce! Tun ina ƙarama nake ganin bayanta. Har na taɓa cewa ki saya mata guda, kika ce in yi shiru."

"Ƙafata ba ta son sabon takalmi," in ji Anti.

Ba ta kalli 'yarta ba ko sau ɗaya, yarinyar take kallo, tun daga goshi har haɓa, a hankali, kamar mai karatu. Ta ɗaga yatsa ta taɓa wani ɗan baƙin tabo a kumatunta.

"Ikon Allah. Ashe a dama yake. Duk shekarun nan ina cewa a hagu."

Yarinyar ta kai hannu kumatunta, ta dubi tsohuwar, ta dubi ƙaramin madubin da ke rataye a bango, sannan ta dubi uwarta. Dariyar ta bar fuskarta.

"Elsabe, tashi mu tafi. Babanki zai dawo."

Gerda ta miƙe, ta zo bakin gadon don sallama. A wurinmu yaro ba ya barin gaban babba sai ya kama hannunsa na dama ya sumbata. Tun kafin ka iya magana ake koya maka, har ya zama ba ka sanin ka yi. Ina kallo ta kama hannun tsohuwar da hannu biyu, ta sunkuya, ta ɗago shi zuwa bakinta. Ba na jin ta san tana yi. Saura kaɗan leɓenta ya taɓa.

Anti Galiema ta fizge hannunta. Matar da ba ta iya ɗaga kofi, ban san inda ta samo ƙarfin ba.

"Hannuna da gumi, Madam. Kada ya ɓata miki safa."

Ta cusa shi ƙarƙashin bargo. Gerda ta tsaya a sunkuye, hannayenta a buɗe ba komai a ciki. Daga baya ta gyara hularta ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Ta fita, yarinyar na biye da ita tana waiwaye. Babu tsintsiya, babu kora. Kawu Salie matsawa ya yi ya ba su hanya, kuma hawaye ne a gemunsa.

Na dire tiren da ƙarfi har kofi ɗaya ya fashe.

"Anti, me ya sa? Me zai ragu a jikinki? Ba kowa a ɗakin nan sai mu!"

"Yarinyar tana nan."

"Yarinyar ba makauniya ba ce!"

"Shekara biyu suka rage mata ta gama makaranta. Malamar asibiti take so ta zama." Ta rufe ido. "Kin ga haƙoranta? Irin na mahaifiyata ne sak. Share kofin nan kafin uwarki ta gani."

Ban sake yi mata magana ba ranar. Washegari dai ni na kai mata kunu.

Ta rasu ranar Juma'a da hantsi, ina shafa mata man zafi a ƙafa, tana yi mini faɗa wai hannuna sanyi. Faɗan ne ya tsaya a tsakiya. Mama da matan layi suka yi mata wanka. Wurin da ya kamata 'yarta ta tsaya, a wajen kai, Mama ce ta tsaya. Bayan an sauko daga masallaci maza suka ɗauke ta. Kawu Salie ya sa takalmi zai tafi Observatory, ya kai bakin layi, ya dawo ya zauna a dakali. Ya ce ya tuna ta ce ba ta yafe ba. Har aka rufe ta ba wanda ya kai labari, don ba wanda ya san yadda ake kai irin wannan labari ta ƙofar baya.

Da gari ya waye Asabar ce. Na ce wa Mama ba inda za ni, na gaji da haukan mutane. Na yi shara, na wanke kwanuka. Da hantsi ya yi sai na shiga gidan Anti, na ɗauki koren ɗankwalin daga kan ƙusa na ɗaura, na haura Babban Titi. Ba wanda zan riƙe, sai na isa da wuri.

An canja takalman. Na tsaya ina kallonsu har suka taho a cikin gilashin. Uwar ta ga ɗankwalin a kaina, ta tsaya cak. Ta zo can ƙarshen gilashin, ta zare safar hannun dama, ta kai bayan hannunta bakinta kamar mai danne tari, ta bar shi a nan. Elsabe ba ta shiga kantin gaba ba. Ta zo ta tsaya kusa da uwarta, tana kallona ta gilashi, ni ma ina kallonta. Motoci suna wucewa a bayanmu. Mu uku ne a jere, kuma tsakanina da su akwai gurbin da zai ɗauki mace ɗaya gajeriya. Ba wanda ya matsa ya cike shi.