Nono Bayan Feshi

Fanta tana tsaka da kaɗa nono Huseina ta faɗo gidan, ba sallama ba mayafi.

"Inna Fanta, ki taimaka min da nono. Baban Rahma ne, tun da ya dawo yake amai."

Gwadabe, mijin Huseina, ɗan ƙwadago ne. Babu gonar da ba ta san ƙafarsa ba a Durba, sai tasa da ciyawa ta cinye. Ran nan feshi ya yi a gonar Alhaji Ramalan. Kan injin ya toshe, ya cire ya busa da baki kamar yadda kowa ke yi, maganin ya dawo masa har maƙogwaro. Ya tofar, ya kurkure baki, ya ƙarasa aikinsa.

Hankalin Fanta bai tashi ba. Duk mai feshi a garin wurinta yake zuwa shan nono, kuma ras suke miƙewa. Ta cika ƙwarya ta kai da kanta. Ta tarar da shi kan tabarma a gindin rumbu, ya jiƙe sharkaf da gumi. Maƙwabcinsu Manu ya fito da babur ya ce a tafi asibitin Rano. Fanta ta ce a bari ya sha tukuna, ita ta san kan abin. Gwadabe ma ya goyi bayanta, wai gobe akwai sauran feshi, asibiti kuwa kwantar da mutum suke yi.

Ya shanye tas, har da zolaya. "Inna, yau dai ba ki sirka da ruwa ba."

Aka yi dariya, Manu ya mayar da babur. Da la'asar numfashi ya fara sarƙewa. Aka ɗora shi a tsakiya kan babur ɗin Manu, amma ko titin kwalta ba su kai ba ya cika.

Da labarin ya iske Fanta, zama ta yi daɓas a ƙasa. Mutumin da ya tsokane ta ɗazu! A wurin makoki ta ji Manu yana faɗa ƙasa-ƙasa, wai malamin asibitin da ya tambaya daga baya ya ce da tun azahar aka kai shi, da wataƙila an yi wani abu. Babu wanda ya kalle ta, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ranar sadakar uku da hantsi aka yi sallama a gidan Fanta. Haliru ne, abokin aikin marigayin, goye da injin feshi, ya miƙo kwano.

"Inna, a zuba min. Yau na shaƙa da yawa."

Fanta ta tsaya da ludayi a hannu, nonon yana ɗiga cikin ƙwarya.