Ɗamarar Malam Sharfaddeen

Karo na bakwai ke nan da bayan Yusha'u ya daki katifa tun hantsi. Ya buga ƙasa da tafin hagu yadda aka koya masa, ya mirgina, ya miƙe yana gyara wuyan farar rigar da ta yi masa yawa.

"Tsaya," in ji Malam Sharfaddeen. "Laure, kashe."

Lauratu ta danna wayar da aka jingina a kan turmi, aka tokare ta da bulo. Ba ta dubi mijinta ba, ba ta dubi ƙanenta ba.

"Me na ce maka da safe?"

"Ka ce kada in faɗi da kaina, Yaya."

"To me ka yi yanzu?"

"Ƙarfin hannunka na ji."

"Ƙarya kake yi. Ban gama juya ƙugu ba kana can ƙasa kamar buhun dusa. Ni za ka mayar wawa?"

Yusha'u ya sunkuyar da kai. Shekararsa talatin da shida. Ɗinkin hannu yake yi a manyan riguna, aska biyu da aska takwas, a shagon da ke jikin zauren gidan nan na Tudun Wada. Nan yake aiki, nan yake kwana, shekara goma sha ɗaya. A wasu gidajen ƙanen mata abokin wasa ne. Ba a wannan gidan ba. Malam Sharfaddeen mataimakin darakta ne a ofis, jikan malamai ne, ko 'ya'yansa ba sa dariya da ƙarfi in yana nan.

Abin ya samo asali ne daga wani mari. Shekara uku da suka wuce, a Kwangila, wani ɗan ƙwaya ya zura hannu ta tagar mota ya fizge wayar Malam, da Malam ya yunƙura zai fito, ɗan ƙwayar ya ɗauke shi da mari a gaban Lauratu. Malam bai sake maganar ba. Bayan wata guda sai ga shi ya shiga wata makarantar koyon judo da kare kai da ke can Turai, wadda ake yi ta waya. Baturen da ke koyarwa yana turo darasi, ɗalibi yana turo bidiyo, in ya ci jarrabawa a ba shi izinin ɗaura ɗamara ta gaba. Amma ba a yin jarrabawar da iska. Sai da mutum mai rai da zai shaƙe maka wuyan riga, kai kuma ka murɗe hannunsa ka kayar da shi. Tun daga farar ɗamara har shuɗiya, Yusha'u ne mutumin.

A ɗamara mai ruwan ƙasa aka maƙale. Sau biyu ana dawo da bidiyon. Dokar makarantar ita ce wanda ya faɗi jarrabawa sau uku a mayar da shi ɗamarar baya, ya jira shekara. Malam kuwa tun kafin azumi ya sayi ɗamarar, har ya fito da ita majalisa an tattaɓa.

Yusha'u ya ji saƙon muryar da Baturen ya turo bayan faɗuwa ta biyu. Ya yi sakandare, Turancinsa ya kai ya tsinci abin da aka ce. Baturen ya ce abokin gwajin nan ladabi ya yi masa yawa, tun kafin a taɓa shi yake faɗuwa. Ya ce a gaya masa ya turje da gaske. Ya kuma ce mutumin yana da tsayuwa mai kyau, in yana so a buɗe masa nasa gurbin. Malam ya fassara rabin farko, ya kashe wayar.

Yau da safe makarantar ta turo lambar jarrabawa. An rubuta ta a kwali, ana nuna wa waya a farkon kowace ɗauka. Ƙarfe shida na yamma lambar take mutuwa. Bidiyon kuma ba yanka, ba haɗi: a rusuna wa juna, a yi, a miƙe, a sake rusunawa.

Aka kira azahar, suka cire fararen kayan suka fita. A ƙofar masallaci Isiyaku mai kanti yana saka takalmi, ya hango su.

"A'a, Malam! Tun safe ƙofa a kulle. Yau ma ruku'u ake yi wa Bature?"

Mutum biyu suka yi dariya. Malam ya yi kamar bai ji ba.

"Kai kuma Yusha'u, ba ka gajiya da kwanciya? Ka riƙe shi sau ɗaya mana, mu ga ko ɗamarar nan ta gaske ce ko ta ɗaure buhu."

"Baba Isiyaku, ka bari," in ji Yusha'u.

"Na bari. Amma a nuna mana bidiyon, mu ma mu ƙaru."

Da suka koma gida Lauratu ta kai wa ƙanenta abinci shago. Rigar wani Alhaji na Hanwa tana shimfiɗe a kan tabarma, an gama aljihu, saura wuya. Allura tana soke a inda ya tsaya jiya. Yusha'u yana matsa tsintsiyar hannunsa na dama, wadda ta fara kumbura.

"Ka yi masa yadda yake so, a wuce wurin," ta ce.

"Wanne yake so, Yaya Laure? In faɗi, ko kada in faɗi?"

"Ka ɗan tsaya, sannan ka faɗi."

"Baturen yana ganewa. Aikinsa ke nan."

"To ka tsaya."

"In na tsaya ba zai iya ɗaga ni ba. Wallahi ba zai iya ba. Shekara uku ni nake ɗaga kaina."

Lauratu ta waiga ƙofa da sauri. "Rufe bakinka. Kana son zaman gidan nan ko ba ka so?"

Ta ajiye kwanon ta fita.

Da aka dawo tsakar gida Yusha'u ya tsaya a bakin katifa, ya murza yatsu.

"Yaya, ko za mu koma hannun hagu? Wannan ya fara ciwo, kuma ranar Alhamis za a zo karɓar riga."

"Takarda ta ce dama."

"Na ga kamar..."

"Ka ga kamar me? Kai ka yi rajista ko ni? Saurara. Wannan karon ka riƙe ni kamar ɓarawo. Ka manta ni ne. In ka sake faɗuwa don ganin ido, ka nemi inda za ka kai alluranka. Ka ji ni?"

"Na ji."

Lauratu ta danna. Malam ya ɗaga kwali, ya faɗi sunansa da Turanci, ya ajiye. Suka rusuna.

Yusha'u ya damƙi wuyan rigar. Bai yi wata dabara ba. Ya buɗe ƙafafu, ya sauke nauyinsa ƙasa, ya ƙi tafiya, shi ke nan. Malam ya kama tsintsiyar hannun da hannu biyu ya murɗa. Hannun bai juya ba. Ya shigo da ƙugu, ya ja. Yusha'u ya ji numfashinsa a wuya, da warin turaren da ya gauraya da gumi. Malam ya sake ja, yana nishi, jijiyar goshinsa ta tashi. A ja na uku ƙafarsa ta zame a tsakanin katifun biyu, ya tafi da baya, ya zauna daɓas a kan siminti, ɗamararsa ta kwance, tumbinsa ya fito.

Dariya ta kuɓuce wa Lauratu. 'Yar gajera ce, ta toshe baki nan take. Amma ta fita.

Daga titi ana jin wani mai a-daidaita-sahu yana kiran fasinjan Gyallesu.

Yusha'u ya miƙa hannu. "Yaya, sannu. Katifar ce ta..."

Malam bai karɓi hannun ba. Ya tashi da kansa, ya karkaɗe wando, ya ɗaure ɗamarar a tsanake, ƙulli biyu. Ya dubi matarsa, ta kawar da kai. Da ya yi magana muryarsa a kwance take.

"Madalla. Haka nake so. Laure, goge wannan. A sake."

Ya gyara katifun da ƙafa. Ya kuma matsar da Yusha'u taki ɗaya, ya juya shi, yadda shi Malam zai ba wa wayar baya. Yusha'u ya lura, bai san dalili ba.

Kwali. Suna. Rusunawa.

Ya damƙi wuyan rigar, ya ɗaga ido, ya ga fuskar mijin yayarsa. Ya turje daƙiƙa uku ko huɗu, yadda kowane Bature zai gamsu, sannan ya saki jikinsa a hankali, ya bar ƙugun ya ɗauke shi. Faɗuwar ta yi kyau. Ko shi ya san ta yi kyau.

A ƙasa ne saura. Wanda ake jarrabawa zai danne kafaɗa da gwiwa, ya lanƙwasa tsintsiyar hannu, na ƙasa ya buga katifa sau biyu, a sake shi. Sun yi wannan ya fi sau ɗari.

Yusha'u ya buga sau biyu.

Ba a sake shi ba.

Ya sake bugawa. Jikin Malam ya kare hannun hagun daga wayar, katifa kuma ba ta ƙara. "Yaya," ya ce cikin raɗa. "Yaya, hannuna." Malam bai dube shi ba. Ya ja numfashi, ya kwanto da nauyinsa gaba ɗaya.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya rake a cikin zane. Yusha'u ya cusa wuyan rigarsa a baki ya cije. Duhu ya gifta masa, ya dawo.

Malam ya miƙe, ya koma gefensa na katifa, ya tsaya ƙyam. Leɓɓansa kaɗai suka motsa.

"Tashi. Waya tana ɗauka."

Yusha'u ya dafa ƙasa da hagu.

"Tashi ka rusuna. In ka ɓata wannan, sakewa za mu yi."

Ya tashi. Ya manna hannun dama a jikin cinya, yatsun suna reto ta inda bai kamata ba. Ya rusuna. Malam ya rusuna. Lauratu ta danna wayar, sannan ta saki salati.

"Malam, hannunsa! Dubi hannunsa!"

"Na gani. Tsautsayi ne. Ba ni wayar."

"Mu tafi asibiti."

"Asibiti tambaya gare su. Akwai Baba Nagoda mai ɗori a Tudun Jukun. Bari wannan ya tafi tukuna, a mota sabis yana yankewa."

Ya zauna a kan turmi yana kallon layin da ke cika a fuskar wayar. Yusha'u ya jingina da bango, Lauratu tana yi masa fifita da kwalin lambar. Bidiyon ya ɗauki minti ashirin da biyar kafin ya tafi. Sannan Malam ya shiga ya yi wanka, ya sa kaftani, ya ɗauko makullin mota.

Zauren Baba Nagoda yana warin man shanu da hayaƙi. Tsohon ya ɗora hannun a kan gwiwarsa, ya bi shi da babban yatsa, yana kallon rufi.

"Me ya same shi?"

"Motsa jiki muke yi, ya faɗi," in ji Malam.

"Faɗuwa ba ta murɗa ƙashi haka." Ya dubi Yusha'u. "Ɗana, mece ce sana'arka?"

"Ɗinkin hannu, Baba."

Tsohon ya sa Lauratu ta riƙe kafaɗa, ya yi bisimilla, ya ja. A nan ne Yusha'u ya yi ihun da bai yi a gida ba. Da ya dawo hayyacinsa an jera karare ana naɗe su da tsumma.

"Haɗa babban yatsa da manuni in gani."

Yusha'u ya gwada. Yatsun suka yi rawa, suka tsaya nesa da juna.

"Baba, allura fa?"

"Ƙashi zai kama cikin wata biyu, in Allah ya so. Jijiya kuwa ba aikina ba ce. Cokali za ka riƙe. Allura ban yi maka alkawari ba."

Wayar Malam ta yi ƙara. Ya fita ƙofar zaure, ya kara ta a kunne. Daga ciki Yusha'u yana jin muryar Baturen sama-sama, cikin fara'a. Malam ya saurara har ƙarshe, ya sake kunnawa daga farko. Da ya dawo fuskarsa ta washe, rabon da a ga haƙoransa haka an daɗe.

"An ba ni," ya ce. "Ya ce wannan ne gwaji na gaskiya. Gyara ɗaya kawai ya yi mini, wai in riƙa saki da wuri kaɗan." Ya juya wurin tsohon. "Baba, nan da wata shida zai iya damƙar wuyan riga? Ta gaba baƙa ce, ba a wasa da ita."

Baba Nagoda ya ƙulle tsumman, ya tofa addu'a a kai, ya tashi ya shige cikin gida.

Suka rage su uku. Malam yana tura saƙon ga mutanen majalisa ɗaya bayan ɗaya. Lauratu ta share hawayenta da gefen mayafi, ta matso kusa da ƙanenta, ta taɓa gwiwarsa.

"Yusha'u," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka yi masa barka mana. Kada ya ga kamar kana baƙin ciki."

Yusha'u ya dubi yayarsa. Idonta yana roƙonsa. Ya tallafi hannun da hagu, ya gyara zama.

"Barka, Yaya."

"Yauwa," in ji Malam, bai ɗago daga wayar ba.