Kofin da Aka Kife

Ku yafe mini karambani, ban taɓa rubuta labari ba.

Huluna tamanin da uku ne kafe a azarar mashayar Des. Merrin ta san adadinsu, don shekara bakwai tana ƙirga su duk yammacin Juma'a in ta rufe gidan waya. Sai wanda aka karɓa a matsayin ɗan gida ake kafa wa hula: masu askin tumaki, lauya, fadan coci, har wani direba da ya rasu. Gurbi ɗaya ya rage, ita kuwa tata tana kanta.

Sela, sabuwar nas 'yar Tonga, makonta uku kacal a garin, amma tsoho Clarrie, mai askin tumakin da ko ɗan sanda ba ya matsa wa, ya matsa ya ba ta wuri a benci. Kishi ya kama Merrin.

Sela ta sunkuyo wajen Merrin. "'Yar'uwa, in mutum ya ƙoshi, yaya yake nuna wa Des? Sai cika mini kofi yake yi."

Kowa ya san kwantar da kofin ake yi. Kife shi kuwa kiran dambe ne ga duk wanda ke ɗakin.

"Kife shi za ki yi," in ji Merrin, idonta a kan littafinta.

Sela ta kife. Ɗakin ya yi tsit. Clarrie ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Yarinya, shekara arba'in rabon da a kira ni dambe!"

"Zauna, tsohon kwano," in ji Des, "haƙoranka na aro ne."

Lauya ya raɗa wa Sela ma'anar abin. Ta dubi Merrin sau ɗaya. Sai ta naɗe hannun riga, ta kafa gwiwar hannu a tebur.

"Zo mu murɗa hannu, Kawu. In ka karye, ni ce mai ɗori."

Fada ne alƙali. Kafin a ƙirga biyar, bayan hannun Clarrie ya bugi katako. Ihu ya tashi, wani ya fizge hular Sela, Des ya ɗauko guduma.

Merrin ta kwantar da kofinta yadda ake yi, ta rungume littafinta, ta sulale ta ƙofar baya. Tana tsallaka titi ta ji bugun ƙusa. Rana da sauran zafi. Ta gyara zaman hularta.