Shun Aro

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, jami'a ta fito da wata doka. Duk ɗalibin sashen noma na aji uku sai ya koma karkara ya yi lambun gwaji da hannunsa, malami ya zo ya gani. Wanda lambunsa ya yi kyau ya wuce. Wanda nasa ya mutu ya maimaita aji, mai maimaitawa kuwa a yanke masa burs, wato ɗan abin da gwamnati ke ciyar da ɗalibi da shi. Ga ɗan talaka irin Inuwa, wannan daidai yake da a ce masa ya naɗe tabarmarsa ya koma gida.

Aka tura shi fadamar Badagishiri, garin mahaifiyarsa, tare da Seyni, ɗan wani jandarma. Shu aka ce su noma, wanda mutanen ƙetaren iyaka ke ce wa kabeji. Irin bai iso ba sai da kowa ya gama dashe. Seyni ya duba ya ga abin ba na yi ba ne, ya tare a Birnin Konni wajen abokai, yana leƙowa jefi-jefi da sabon kaset a aljihu. Inuwa ya ja guga har tafin hannunsa ya fashe. Da shun ya fara ɗagowa tsutsa ta sauka masa, ta bar ganyen kamar rariya.

Ana saura 'yan kwanaki Furofesa Abdurrahaman ya zo dubawa, Seyni ya ja shi Illela, buro, wato ofishin Mahamman Jaje, shugaban ma'aikatan gona. Jaje tsohon ɗalibin sashensu ne. Hotonsa na rataye a bangon sashen, yana tsaye tsakiyar albasa kore shar, kuma babu sabon ɗalibin da ba a nuna wa hoton a ce ya yi koyi. Inuwa kansa ya sha tsayawa gabansa.

"Yaya, mun zo da matsala," in ji Seyni. "Lambu ya mutu."

Jaje ya yi dariya har tumbinsa na bugun tebur. "Wanga shi na matsala? Lambun wa ke kusa da naku?"

"Na innar Inuwa, Tabawa. Shunta har ya fara naɗe kai."

"To mi kuke jira? Ku tono shi da ƙasarshi da sassafe, ku dasa, ku ba shi ruwa ya ƙoshi. Shu ba ya yaushi sai rana ta take. Kafin nan Furofesa na bisa tabarma yana cin rago."

Inuwa ya ce, "Yaya, ni ina ganin mu faɗi gaskiya. Iri ya makara, tsutsa ta ci. Ai wannan ma ilmi ne."

"Ilmi!" Jaje ya share hawayen dariya. "Ƙanena, hoton nan nawa da kuke yi wa sujada, ka san albasar wa ta? Ta surukin direbanmu ta. Haka munka iske, haka munka yi. Ko kai ka fi mu tsarki?"

Inuwa ya miƙe ya fita, Seyni ya biyo shi suka shiga mota.

Kafin ya gama shawara da zuciyarsa, Seyni ya riga ya je wa Tabawa da maganar, har da durƙuso. Inuwa ya iske ta bakin rijiya tana kwance igiya. Ƙanwar mahaifiyarsa ce, mijinta ya tafi cin rani shekarar fari bai dawo ba, kuma shun nan shi ne abin da za ta kai kasuwa ta sayo hatsin bazara.

"Inna, kada ki yarda. Shu in ya naɗe kai ba a taɓa mai saiwa. Ko an maido ba ya kamawa."

"Ni za ka gaya ma?" Ta jefa gugan. "Na sani."

"To don mi?"

"Shu na, ba ɗa ba. Duk zuriyarmu wa ya taɓa kai inda ka kai? In sunka koro ka, da wane ido zan dubi uwarka? Ɗauki kwashe ka je ka tona, ka bar man wa'azi."

Wannan shi ya fi ci masa rai. Da ƙwace aka yi, da ya san inda zai tsaya. Ga shi mai abu ta bayar, kuma don shi ta bayar. In ya ƙi, ya watsa mata ƙasa a ido. In ya karɓa, ya ci bazararta kuma ya zama ƙanen Jaje na gaske.

Ranar zuwan Furofesa suka tono shun, suka jera shi layi-layi a lambun gwaji. Seyni na ta fito da baki yana yayyafa busasshiyar ƙasa bisa sawunsu. Inuwa ya san bakinsa ba zai iya magana gaban Furofesa ba, mutumin da ya koya musu cewa manomin da ya yi wa ƙasa ƙarya cikinsa zai tona shi. Saboda haka ya zaɓi shu mafi girma ya ajiye shi bakin hanyar shiga, bai binne shi ba, ya dai jingina shi cikin rami. In asiri ya tonu, a kore shi, amma aƙalla wani zai kira abin da sunansa.

Da hantsi mota ta iso. Furofesa ya sauko da hular malfa, Jaje na gefensa yana bayani kamar shi ya ja gugan. Taku kaɗan takalmin Furofesa ya bugi shun. Ya gangaro waje, gindinsa sama, ga dunƙulen ƙasa da shatin kwashe a kowane gefe, ko makaho ya shafa ya gane.

Seyni ya daina numfashi. Inuwa ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, kusan daɗi.

Furofesa ya dubi shun, ya dubi layukan, ya dubi lambun Tabawa da ke tsallaken darni, ramuka fal kamar an yi haƙar gyaɗa. Sannan ya sa kan takalminsa ya mirgina shun cikin ramin, ya tattake ƙasar a hankali.

"An samu ci gaba, Jaje," ya ce. "Albasarka ko ƙasa babu ga saiwar."

Suka fashe da dariya su biyu, Seyni ya bi su da tasa. Aka kira mai hoto. Furofesa ya ce ɗaliban su tsuguna gaba, kowa ya dafa shu guda.

"Inuwa, saki fuska mana! Hoton nan bangon sashe za shi," in ji Jaje.

Wajen cin rago Jaje ya miƙo masa tsoka, ya dafa kafaɗarsa da hannu mai maiƙo. "Baɗi in anka turo ƙannenku, kai za ka gwada masu. Sai dai ka riƙa binnewa da kyau."

Bayan la'asar, da motar ta tafi da Seyni a ciki, Inuwa ya kwashe shun cikin kwando ya mayar kowanne raminsa. Ganyen ya riga ya kwanta kamar tsumma. Ya yi ta ba su ruwa kwana da kwanaki, 'yan kaɗan suka ɗago, sauran suka fara wari daga gindi. Tabawa ta yanke waɗanda ba su gama lalacewa ba, ta watsa wa awaki ganyen waje, ta dafa na ciki ta kwaɗa da ƙuli. Ta ajiye masa kwanon a gabansa ta zauna.

"An ce ka wuce?"

"Na wuce, Inna."

"Alhamdu lillahi. Furofesan ya yaba?"

"Ya yaba."

Ta yi murmushi har wushiryarta ta fito. "Ai na gaya ma, shuna babu irinshi duk fadamar nan. Sa hannu."

Warin ya doki hancinsa tun kafin loma ta kai baki. Tana kallonsa, ta ƙi ɗauke ido. Ya tauna, ya haɗiye, ya sake kai hannu.