Mai Gadin Wayar Maigida

Da maigidana ya rantse ya bar cacar ƙwallo, ban ce masa ƙarya yake ba, amma na sa ƙanina ya maƙala wa burauzar wayarsa, wato inda ake shiga intanet, wata 'yar manhaja mai toshe shafukan caca. Lambar sirrinta tana hannuna. Mai gadi muke ce mata. Wata tara ina barci da ido biyu rufe.

Ranar Talata na ɗauki wayar a kan firij zan duba jarabawar babbar 'yarmu, sai na ga babu mai gadi, ko alamarsa.

"Baban yara, ina abin nan ya shiga?"

"Wayar ce ta sabunta kanta. Wai sabon tsarin ba ya ɗaukar irinsa."

Ya faɗa yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba. Shekara goma sha shida muna tare, na san ƙeyarsa idan tana ƙarya. Waya ce za ta kori mai gadi da kanta, sai ka ce tana da hannu?

Na ce ya bar min ita. Ban ko wanke kwanuka ba na nufi shagon mai gyara, wani ɗan ƙuƙut a ƙarƙashin bene, duk ƙaurin dalma. Na faɗa masa abin da maigidana ya ce, ya latsa nan ya latsa can.

"Gaskiya ya faɗa miki, Hajiya. Kamfanin ne ya daina yarda a maƙala wa burauza komai. Mutum nawa suka zo min da wannan kukan."

Kunya ta rufe ni. Har na fara shirya yadda zan ba shi haƙuri, sai bakina da ba ya gajiya ya ce, "Yaushe ta sabunta?"

"Sati uku ke nan."

A tsaye a bakin shagon na buɗe tarihin binciken wayar. Kullum abu ɗaya yake nema: yadda ake toshe shafin caca, yadda ake mayar da waya tsohon tsari. Wata rana har sau biyar. Kwana goma sha tara a jere yana wannan fama, muna cin abinci a faranti ɗaya, bai ce min uffan ba.

Daga shekaranjiya ya daina nema. Sai shafin cacar nan kawai yake shiga, safe da rana.

Na zo da faɗa cike da baki, amma tausayi ne ya kama ni, da haushin kaina. Bawan Allah ya fi tsoron bakina a kan cacar.