Yatsa Ɗaya a Kan Sandar Awo

Noelene ta ja ragamar dokinta Tambo ta tsayar da shi a kan dandamalin siminti, tana korar ƙudaje da hularta. Yau ce ranar awo a filin baje kolin Warrabin. Dokar ƙungiyar masu kiwon ƙuru, gajerun dawakan nan na yara, ba ta da kwana-kwana: wanda kafaɗarsa ta wuce jan layin sanda ba ƙuru ba ne, kuma ba za a bar shi ya yi barbara ba. Noelene ce ta kafa ƙungiyar tun gashinta na baƙi, ita ce kuma ta kafe sai an sa wannan dokar. Yanzu mambobin da suka rage ba za su cika mota ɗaya ba.

Desley, ƙawarta kuma abokiyar faɗanta, ta ɗora sandar. Ta duba, ta gyara tabarau, ta sake dubawa.

"Tsohuwa, me kike ba shi ne? Taki?"

"Faɗi abin da kika gani, Des."

"Ni ban ga komai ba tukuna, idona ya mutu." Ta rage murya. "Kai shi bayan rumfar tumaki, Merv ya ɗan fere masa kofato ya rage tsawo. Ki sa shi sukuwa har ya yi laushi, sai mu sake awo. Da yatsa ɗaya ya wuce fa."

Noelene ta shafa wuyan dokin. Shi ne ɗa namiji na ƙarshe daga ingarman da ta gina kiwonta a kansa, wanda ya mutu a shekarar fari. A farin nan, lokacin da kangaru ke tsallako shinge suna cinye ɗan abin da ya saura, ta sayar da tarakta ta sayo wa Tambo ciyawa mai kyau daga kudu. Ƙurun maƙwabta suka tashi a tsumbure, nata ya yi ta miƙewa, ita kuma tana ta washe baki. Yanzu ta san da hannunta ta yi masa wannan tsawon.

Merv, mai gyaran kofato, ya riga ya zaro wuƙarsa. "Ba wanda zai ji, Noelene. Mu nawa ne ma?"

"Shi ya sa," in ji ta. "In mu ɗin ma muka fara ƙarya, me ya rage?"

Ta karɓi sandar ta ɗora da kanta, ta ɗaga murya yadda na wajen shayi ma za su ji: "Ya wuce." Sannan ta ce Merv ya gaya wa likitan dabbobi ya zo ranar Talata a yi wa Tambo fiɗiya. Ko ba komai, zai yi wa wata yarinya mai dogayen ƙafafu dokin hawa.

Sai da ta rufe shi a tirelar ɗaukar doki ta jingina da ƙofar. Desley ta miƙo mata kofin shayi.

"Des, wannan ingarman naki mai kai kamar bokiti, yana nan?"

"Wanda kika ce ko kyauta ba kya so?"

"Shi." Noelene ta hura shayin. "Goɗiyoyina uku za su nemi namiji a Satumba. Ki kawo shi ta ƙofar baya, kar a yi min dariya."